Kwana biyu gare ni a Paris: wane ƙaramin gari zan je a jirgin ƙasa in dawo a ranar?

Baƙon Kwana Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Aiki ne ya kawo ni Paris. Taronmu zai ƙare Lahadi da yamma, jirgina kuma sai Laraba da safe, ke nan Litinin da Talata ba ni da abin yi. Cikin birnin na zaga iya zagawa, hasumiyar Eiffel har ta ishe ni kallo. So nake in hau jirgin ƙasa da safe in tafi wani gari na kusa, in wuni, in dawo in kwana a masaukina. Ba na son inda zan ƙare rabin wunin a layi. Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Ina za ku tura ni?

Kawu Sarkin Yawo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka wahalar da kanka da dogon tunani. Versailles. Wanda ya zo Paris bai ga fadar Sarki Louis na 14 ba, in ya koma me zai ce ya gani? Ka hau jirgin RER C mai fita wajen birni, ko awa ɗaya ba za ka yi ba.

'Yar Jami'a:
Kawu, a yi mini afuwa, amma fadar Versailles a rufe take ranar Litinin, lambun kawai zai gani. Talata kuma ita ce ranar da babban gidan tarihin Louvre ba ya buɗewa, sai 'yan yawon buɗe ido su kwarara can gaba ɗaya. Mutum ya ce ba ya son layi, kai kuma ka tura shi uwar layi.

Kawu Sarkin Yawo:
To ai layin ma shaida ne cewa wurin ya isa a gani. Kin taɓa ganin an yi cincirindo a kan abin banza?

'Yar Jami'a:
Sau nawa ma, Kawu.

Hajiya Mai Taswira:
Ku bar wannan tukuna. Ƙanena, abin da ya kamata ka fara sani shi ne ranakun da ka samu su ne mafiya wuyar sha'ani a mako. A Faransa yawancin gidajen tarihi da fadoji suna hutun kwana ɗaya, ko Litinin ko Talata. Fadar Fontainebleau, Talata. Fadar Chantilly, Talata. A ƙananan garuruwa kuma shaguna da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin. Saboda haka ba sunan gari za ka fara zaɓa ba, rana za ka fara dubawa, sannan ka ga wane gari ne ya dace da ita.

Ni dai da ni ce, Talata Provins zan tafi. Daga tashar Gare de l'Est ake hawa, layin P, kamar awa ɗaya da minti 25, jirgi kusan kowace awa. Daɗin garin shi ne abin kallonsa ba a bayan ƙofar da za a kulle yake ba, garin kansa ne abin kallon. Ganuwarsa ta ƙarni na 13 tana nan tsaye, fiye da kilomita ɗaya, da ƙofofinta biyu manya, Saint-Jean da Jouy. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2001.

Baƙon Kwana Biyu:
Na gode Hajiya. Me ya sa ɗan ƙaramin gari haka ya samu ganuwa irin wannan? Yaƙi suka sha?

Hajiya Mai Taswira:
Kasuwa ce ta gina ta. A ƙarni na 12 da na 13, sarakunan yankin Champagne suna da manyan kasuwanni shida a shekara da ke ci a garuruwa huɗu: Troyes, Lagny, Bar-sur-Aube da Provins. Biyu daga cikin shidan a Provins suke ci, kowacce ta yi makonni. Fatake daga yankin Flanders na arewa su sauko da tufafin ulu, na Italiya su tsallako duwatsu da siliki da kayan ƙamshi, 'yan canji su zauna a tsakani. Sarkin yankin ya ɗauki alkawarin tsaron ayari a hanya, shi ya sa fatake suka yarda da wurin. Har kuɗin garin na kansa aka riƙa bugawa, ana karɓarsa a nesa. Daga baya hanyar fatauci ta sauya, jiragen ruwa suka ƙwace cinikin, Provins ya koma gefe. Wannan koma-bayan ne ya tsare shi. Ba a samu kuɗin da za a rushe tsohon gini a yi sabo ba, sai ya tsaya yadda yake.

In ka je ka shiga Grange aux Dîmes, wani gini na dutse da fatake ke haya suna ajiye kaya da yin ciniki. Ka kuma hau hasumiyar da suke kira Tour César, ta ƙarni na 12. Matakalarta matsattsiya ce, kafaɗunka za su riƙa gogar bango. Daga sama kuwa gonaki ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya.

Maman 'Yan Biyu:
Anti ta faɗi daɗin, bari ni in faɗi wahalar. Tashar jirgin a ƙasan gari take, tsohon garin kuma a kan tudu. Tafiyar kusan minti 20 ce, ƙarshenta hawa, kuma hanyar duwatsu ne aka jera, ba kwalta ba. Na je da keken tura yara, ban ji da daɗi ba, rabin hanya a hannu muka ɗauke shi ni da babansu. Ka sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi. Wancan na zuwa taro ka bar shi a ɗaki.

Ɗan Layin Dogo:
Tunda an zo maganar jirgi, ga abin da ya sauƙaƙa wannan harka. Tun 1 ga Janairun 2025 aka soke tsohon lissafin tikiti da ke bin nisan tafiya a yankin Île-de-France, wato Paris da kewayenta. Yanzu tikiti ɗaya ne na metro da RER da jirgin kewaye, an fara shi a Yuro 2.50, ko tasha biyu za ka yi, ko har Provins mai nisan kusan kilomita 90. Filin jirgin sama ne kawai ke da kuɗinsa daban. Bas da taram (jirgin da ke bin kan titi) kuma nasu tikitin daban ne, Yuro 2 aka fara. Farashin yakan ɗan motsa a farkon shekara, ka duba a na'urar sayar da tikiti. Ana ɗora tikitin a katin Navigo Easy ko a waya.

Abu biyu ka kiyaye. Na ɗaya, a ƙananan tashoshi sau da yawa babu shingen da zai tare ka, wata 'yar na'ura ce kawai a kan sanda a bakin shiga. Dole ka taɓa katinka a jiki kafin ka hau. Tikitin da ba a taɓa ba, a wurin mai dubawa daidai yake da babu. Na biyu, wannan araha iyakarta iyakar yankin. Chartres, Chantilly, Compiègne, da Vernon inda ake sauka a tafi ƙauyen Giverny, duk a waje suke, tikitinsu daban ake saye.

Kawu Sarkin Yawo:
Hmm. Wannan ta biyun da a ce na ji ta shekarun baya.

'Yar Jami'a:
Kawu, akwai labari ke nan. A ba mu.

Kawu Sarkin Yawo:
Ba wani dogon labari ba ne. Ina da katin mako a aljihu, na ga a allo Chantilly minti 25 ne daga Gare du Nord, na ce ai wannan bayan gida ne. Na hau na zauna kusa da taga ina ta kallon itatuwa. Sai ga mai duba tikiti. Na miƙa masa kati cikin isa. Ya taɓa, ya dube ni, ya sake taɓawa, ya girgiza kai. Ya ɗauko wata 'yar taswira ya nuna mini da biro inda yankin ya ƙare, ya nuna inda muke. Mun wuce. Na yi Turanci, na yi rantsuwa, na nuna furfura, mutumin nan cikin ladabi ya rubuta mini tara na biya nan take. Laifina ne, ban tambaya ba. Amma fa na ga dawakai. Bargar da ke fadar can, wadda aka gina a ƙarni na 18, da na hango ta daga nesa na ɗauka ita ce fadar.

Hajiya Mai Taswira:
Ka ga ashe Kawu ma ya san daɗin ƙaramin gari, yake tura yaro Versailles.

Kawu Sarkin Yawo:
Hajiya, Chantilly fada ce. Ni fada nake bi, ba lungu ba. Ku kuna son mutum ya biya kuɗin jirgi daga wata duniya ya zo ya zauna bakin kogi yana kallon agwagwa.

'Yar Jami'a:
To ni agwagwar nake so in yi wa kamfe. Yaya Baƙo, ranar Litinin ka tafi Moret-sur-Loing. Layin R daga Gare de Lyon, ƙasa da awa ɗaya, ka sauka a tashar Moret-Veneux-les-Sablons. Daga nan akwai tafiyar ƙafa kamar minti 20 a miƙaƙƙen titi, babu abin burgewa, har ka fara cewa yarinyar nan ta yaudare ni. Sai ka iso wata tsohuwar ƙofar gari, Porte de Samois. Ka ratsa babban titin, wanda bai fi tafiyar minti biyar ba, ka fita ta ɗaya ƙofar, Porte de Bourgogne, sai ga ka a kan gada. Kada ka tsaya a nan, ka ƙetare, ka gangara bakin ruwa, sannan ka juyo. Gada, injin niƙa na ruwa, ƙofa, majami'a a sama, duk a jere, kogin Loing kuma na zuba ta ƙarƙashi da ƙara. Alfred Sisley, mai zanen nan ɗan asalin Ingila da aka haifa a Paris, a garin ya ƙare rayuwarsa, ya mutu a 1899 cikin talauci. Wannan gadar ya yi ta zanawa. Yau zanen nasa na rataye a manyan gidajen tarihi, kai kuma ga asalin abin a gabanka kyauta, babu mai ture ka don ya ɗauki hoto.

Ina zuwa can duk lokacin da karatu ya cushe mini kai.

Malam Mai Lissafi:
Ni kuma ina ganin za a iya sasanta Kawu da 'yarsa. Fontainebleau da Moret a layi ɗaya suke, tsakaninsu kamar minti goma. Fadar Fontainebleau tana buɗe ranar Litinin. Ya sauka Fontainebleau-Avon da safe, minti 40 daga Paris, ya hau bas zuwa fada tunda akwai kusan kilomita uku. Ya ga fada, ya ci abinci, ya koma tasha, ya ƙarasa Moret da la'asar, ya dawo Paris da magariba. Kawu ya samu fadarsa, 'Yar Jami'a ta samu agwagwarta.

Lissafin kuɗin a farashin 2025: jirgi sau uku, Yuro 7.50. Bas sau biyu, Yuro 4. Jimla 11.50. Tikitin wuni guda kuma Yuro 12 ne. Saboda rabin Yuro ni dai na wuni zan saya in huta da tsayawa gaban na'ura. Kada ka sayi katin mako don kwana biyu. Ku kuma masu zuwa nan gaba ku sani, katin makon daga Litinin zuwa Lahadi yake aiki, ba kwana bakwai daga ranar da ka saya ba. Wanda ya fara amfani da shi ranar Alhamis, kwana huɗu ya ci.

Hajiya Mai Taswira:
Malam, lissafinka a takarda ya fita, amma ban yarda ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Fontainebleau ɗakunanta sun haura 1,500. Ko ɓangaren da ake buɗe wa jama'a kawai, in za ka kalle shi da natsuwa ya ci awa uku. A nan Napoleon ya sa hannu ya sauka daga mulki a Afrilun 1814, a gaban matakalar nan mai siffar kofaton doki ya yi sallama da dakarunsa. A nan ya tsare Paparoma Pius na 7. Ga lambu, ga tafki, ga daji. Wanda ke kallon agogo saboda jirgin ƙarfe uku ba zai ga komai ba, wucewa kawai zai yi. Ai gudun wannan hanzarin ne ya sa ake barin babban birni. In za ka kwashi gaggawar Paris ka kai ta ƙauye, gara ka zauna a Paris.

Malam Mai Lissafi:
Hajiya, ke kina zaune a ƙasar, in kin rasa yau kya koma wata Asabar. Shi Laraba zai tashi, wa ya san ranar dawowarsa? Mai kwana biyu ba ya yanga.

Hajiya Mai Taswira:
Shi ya sa ma nake so abin da ya gani ya zauna masa a kai. Na sha raka baƙi irin wannan tsere. Bayan wata ɗaya ka tambaye su, sai sun buɗe waya kafin su tuna wane gari ne mai gada, wane ne mai fada.

Ɗan Layin Dogo:
Kowannenku da gaskiyarsa, amma akwai abin da zai raba gardamar: tsawon rana. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen ƙarfe goma na dare, gari biyu ba komai ba ne. A Disamba kafin ƙarfe biyar ta faɗi, gari ɗaya ma da ƙyar. Yanzu da muke farkon Oktoba yana da haske har bayan bakwai. In ya bar Paris kafin tara, zai yiwu. In ya tsaya shan shayi har goma da rabi, ya zaɓi ɗaya.

Sannan ɗan'uwa, daren da za ka kwanta ka buɗe manhajar Île-de-France Mobilités ko SNCF Connect ka duba jirgin dawowa, ba na tafiya kawai ba. Ana yawan gyaran layin dogo da dare da ƙarshen mako, sai a tsayar da jiragen ƙarshe a sa bas a madadinsu, tafiyar awa ɗaya ta koma biyu. Kalmar da za ka lura da ita a allo ita ce travaux, wato gyara. In ka ga grève, yajin aiki ne. A tasha kuma ba a nuna lambar dandamalin da jirgi zai tsaya sai saura 'yan mintuna, kuma sunan tashar ƙarshe ake rubutawa babba. Na Fontainebleau da Moret za ka ga Montargis ko Montereau. Ka karanta jerin tashoshin da ke ƙasa kafin ka shiga.

Baƙon Kwana Biyu:
Allah ya saka. Wani abokin aiki ya ambata mini garin da mai zane Van Gogh ya mutu. Yana da nisa?

'Yar Jami'a:
Auvers-sur-Oise. Babu nisa, amma ba na ranakunka ba ne. Kwana 70 kawai ya yi a can, ya mutu 29 ga Yulin 1890, kabarinsa da na ƙanensa Theo suna gefe da gefe a bayan gari. Masaukin da ya zauna ba a buɗe shi a farkon mako, jirgin da ke zuwa kai tsaye kuma na ƙarshen mako ne a lokacin zafi. Sauran ranaku sai ka sauya jirgi a hanya. Ajiye shi sai wani zuwan.

Maman 'Yan Biyu:
Ba wanda ya yi maganar ciki. A ƙananan garuruwan nan gidan abinci daga sha biyu zuwa biyu yake ba da na rana. Ka zo biyu da rabi, mai wurin zai ce maka an rufe kicin sai bakwai na dare, ko da kuwa kujerun duk babu kowa. Ranar Litinin ma wasu ba sa buɗewa sam. Ka sayi burodi da cuku da 'ya'yan itace da ruwa tun a tashar Paris ka jefa a jaka. Ka yi alwalarka kafin ka fito, ka riƙe 'yar sallaya mai naɗewa, ba ko'ina za ka samu masallaci kusa ba. In ka shiga shago kuma ka fara da bonjour kafin komai. Wannan gaisuwar da ka ce ita kaɗai ka iya, ita ce rabin aikin.

Kawu Sarkin Yawo:
Tunda kun ƙi Versailles, ga wani da ba ku ambata ba, don ku san ni ma na yi yawo: Saint-Germain-en-Laye, ƙarshen RER A. A nan aka haifi Louis na 14 ɗin a 1638. Ka fito daga tasha fada na gabanka, babu bas babu hawan tudu. Akwai wata doguwar farfajiya fiye da kilomita biyu a bakin tudu, kana tafiya kana hango Paris. Layin jirgin fasinja na farko da ya fita daga Paris ma, a 1837, wannan wajen ya nufa.

Ɗan Layin Dogo:
Gaskiya ne Kawu, sai dai a Le Pecq ya tsaya a gindin tudun, injin wancan zamanin bai iya hawa ba. Sai bayan shekara goma aka kai shi sama.

Baƙon Kwana Biyu:
Jama'a na dawo da rahoto, ina filin jirgi yanzu. Litinin na bi lissafin Malam, amma Hajiya ce ta ci gardama. Na shiga Fontainebleau da nufin awa biyu, ban fito ba sai huɗu saura. Na zauna bakin tafkin ina cin burodina, wasu manyan kifaye na ta buɗe baki a gabana. Moret ban je ba, ƙanwata a yi haƙuri, bashi ne.

Talata na tafi Provins. Tudun yana nan yadda Maman 'Yan Biyu ta faɗa. A saman hasumiyar mu uku ne kacal, ni da wasu tsofaffi biyu mata da miji. Na sayo zumar da aka sa wa furen wardi, an ce da wardin aka san garin.

Amma akwai abin da duk cikinku ba wanda ya gaya mini. Muna cikin tafiya jirgi ya tsaya a wata tasha, Longueville, ya ɗan jima, sai kawai ya tashi da baya. Hanyar da muka fito! Gabana ya faɗi, na miƙe na rungumi jakata, na ce shi ke nan an mayar da ni Paris. Wata dattijuwa da ke kujerar gabana ta ga yadda na rikice, ta ɗaga hannu ta ce mini in zauna, tana maimaita sunan garin. Ni ban ma gane sunan ba a bakinta, don ba haka nake karanta shi ba.

Ɗan Layin Dogo:
Kai, wannan laifina ne, na manta shaf. Reshen Provins daga Longueville yake ballewa ta baya, dole direba ya sauka ya koma ɗaya kan jirgin. Duk mai zuwan farko sai ya tsorata.

'Yar Jami'a:
Yaya, yaya kake karanta shi?

Baƙon Kwana Biyu:
Yadda aka rubuta mana, har da "s" ɗin ƙarshe. Kwana biyu ina faɗa wa mutane haka suna gyaɗa kai.

Kawu Sarkin Yawo:
Kada ka damu ɗana. Akwai wani gari a wannan layin na P da ake rubutawa Meaux, harafi biyar. "Mo" ake cewa. Sai da na yi shekara biyu ina kiransa Miyawus. Allah ya sauke ka lafiya.